Jariri, Zafin Bazara da Yawon Sallah

A 'yan shekarun nan ƙaramar sallah ta sauko cikin tsakiyar bazara. A 2023 an yi ta ranar 21 ga Afrilu, a 2024 ranar 10 ga Afrilu, a 2025 kuma ranar 30 ga Maris, kuma tun da shekarar Hijira tana ja baya da kwana 10 zuwa 11 a kowace shekara, an ɗauki shekaru ana yin hawan sallah a lokacin da rana ta fi ƙuna. Bikin Ista na Kiristoci ma a tsakanin Maris da Afrilu yake faɗowa, hutun zango na biyu na makarantu shi ma a nan yake. A gari irin Suleja, inda Hausawa da Gbagyi da Koro da mutanen kudu suke zaune wuri guda, wannan yana nufin kusan kowane gida yana da dalilin fita da yara a daidai watannin da bai kamata a daɗe a rana ba. Masu hali suna cika mota su nufi Abuja, zuwa Magic Land da aka fi sani da tsohon sunansa Wonderland, ko Millennium Park na Maitama da aka buɗe a 2003, ko gidan zu na yara da ke Asokoro, ko bakin tafkin Jabi. Wasu suna hawa hanyar Minna zuwa magangarar ruwan Gurara. Waɗanda aljihunsu bai kai ba suna tsayawa a ƙananan wuraren lilo na cikin gari. A cikin duk wannan ayari akwai mutum ɗaya da ba a tambaye shi ba, ba ya iya magana, kuma shi ne ya fi kowa shiga haɗari, wato jaririn da ke goye a bayan uwarsa.

Ra'ayina a kan wannan ba shi da kwana-kwana. Jaririn da bai kai wata shida ba ba shi da abin yi a filin wasa da tsakar ranar bazara, kuma wanda ya haura haka, har zuwa shekara ɗaya da 'yan watanni, idan za a tafi da shi to a tsara fitar bisa abin da jikinsa zai ɗauka, manya da yayyensa su bi. Dalilin farko shi ne a dubi wa ake yi wa fitar. Yaro ɗan shekara shida yana hawa lilo, yana ganin jimina da kada, yana komawa makaranta da labarin da zai ba abokansa. Jariri ɗan wata huɗu ba zai hau komai ba, ba zai tuna komai ba, domin ɗan Adam ba ya riƙe abin da ya faru da shi kafin ya kai wajen shekara biyu zuwa uku. Duk daɗin fitar na wasu ne, duk wahalarta tasa ce. Idan aka auna abu aka ga riba tana gefe ɗaya, asara tana ɗaya gefen, kuma mai asarar shi ne mafi rauni, ai hukunci bai da wuya.

Jikin jariri ba ƙaramin jikin babba ba ne, tsarinsa daban yake. Faɗin fatarsa idan aka gwada da nauyinsa ya fi na babba yawa, saboda haka idan iskar da ke kewaye da shi ta yi zafi, yana ɗaukar zafin da sauri. Likitocin yara suna cewa jikin ƙaramin yaro yana iya ɗumama sau uku zuwa biyar fiye da saurin na babba. Hanyar da jiki yake sanyaya kansa ita ce gumi, to amma ta jariri ba ta gama ƙwari ba, kuma ɗan ruwan da ke jikinsa yana ƙarewa da wuri. Ba ya iya cire riga, ba ya iya matsawa inuwa, ba ya iya cewa ƙishirwa yake ji. A yankin Suleja da Abuja zafin rana a watan Maris yana kaiwa digiri 36 zuwa 37 a ma'aunin Salshiyas, wasu ranakun ya doshi 40, kuma wannan awo ne na inuwa. A kan kwalta da siminti da ƙarfen lilo abin ya wuce haka. Sannan Suleja tana da wata matsala da Kano ko Katsina ba su cika fama da ita da wuri ba: daga Afrilu, lokacin da hadari ya fara haɗuwa amma ruwa bai zauna ba, iska tana cika da laima, gumi ya ƙi bushewa, mutum ya jiƙe sharkaf amma jikinsa bai huce ba. Irin wannan zafi mai ɗanshi ya fi busasshen zafi cutar da yaro. Kuma kada a ɗauka zafi ba ya kisa a ƙasashenmu don mun saba da shi. A farkon Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, asibitin Gabriel Touré na Bamako kuma ya ba da rahoton mutuwar mutum sama da 100 cikin kwana huɗu. A nan gida hukumar hasashen yanayi ta NiMet takan fitar da gargaɗin tsananin zafi a waɗannan watanni, tana ambaton yara ƙanana cikin waɗanda ya kamata a kare.

Wani abin da iyaye ba su cika lissafawa ba shi ne hanya. Daga Suleja a bi ta Madalla, a wuce Zuba da Dei-Dei da Kubwa kafin a shiga cikin Abuja, tafiya ce da ranar sallah cunkoso yake iya ninka tsawonta. Motar haya cike take, tagogi ba sa shigo da iska idan an tsaya cik, jariri kuma yana matse tsakanin ƙirjin uwa da jikin fasinja. Kafin a isa ƙofar filin wasan ya riga ya sha zafin sa'a guda ko fiye, sannan a shiga layin sayen tikiti a rana. Mota mai zaman kanta ma tana da nata tarkon. Idan aka kashe ta aka rufe, zafin cikinta yana ƙaruwa da kusan digiri 10 a cikin minti 10 kacal, ko da an ɗan sauke gilashi. Barin jariri yana barci a mota da sunan bari a sayo tikiti a dawo kuskure ne da ya kashe yara a ƙasashe da dama.

A Turai da Amurka ana gargaɗin iyaye kada su lulluɓe keken tura jariri da mayafi, domin mayafin yana tare iska, cikin keken ya zama kamar tanda. Mu a nan keken bai yawaita ba, amma muna da abin da ya yi daidai da shi, kuma ya fi shi yawa: goyo a ƙarƙashin hijabi. Uwa ta ɗaure yaro da zani, ta ƙara majanyi, ta saka masa hula da safa da rigar sallah mai kauri ta roba-roba, sannan ta zuba dogon hijabi a kansa don kare shi daga rana. Niyyarta mai kyau ce, amma yaron yana karɓar zafin bayanta daga gaba, zafin rana daga baya, iska kuma ba ta ratsawa. Mafi muni, ba ta ganin fuskarsa. Idan ya yi shiru sai ta ce ya yi barci, alhali shirun jariri a cikin zafi yana iya zama galabaita. Goyo al'ada ce mai amfani, babu mai cewa a bar ta. Abin da ake cewa shi ne a bazara a rage masa kaya zuwa riga ɗaya ta auduga mara nauyi, a bar kansa a waje ƙarƙashin lema, a riƙa sauko da shi akai-akai ana duba shi.

Za a ce, to ai kakanninmu da goyo suke zuwa gona da rafi da kasuwa, ba su san wani ma'aunin zafi ba, kuma ga mu mun rayu. Wannan magana tana da ƙarfi a baki, amma ba ta tsaya da ƙafarta idan aka bincika. Kakannin nan sun san rana sarai. Da sassafe suke fita, rana na take tsaka su koma gindin kuka ko ɗorawa ko mangwaro, su shimfiɗa yaro a inuwa. Al'adar zaman jego ta kwana arba'in ma, ban da hutun uwa, tana tsare jariri daga rana da taron jama'a a lokacin da ya fi rauni. Gonar da ke da ƙasa da ciyawa da itatuwa ba ɗaya take da fili mai daɓen siminti da janareto da lasifika ba. Sannan maganar mun rayu, waɗanda suka rayu ne kaɗai suke faɗarta. Yaran da suka mutu a wancan zamani suna da yawa, kuma da yawansu an ce maɗiga ce ta faɗa, alhali faɗawar maɗiga alama ce ta ƙarewar ruwa a jiki.

Za a kuma ce, idan zafi ne matsalar ai sai a riƙa ba shi ruwa. A nan ne ma aka fi yin ɓarna. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun tsaya a kan cewa jariri ƙasa da wata shida nonon uwa zalla yake buƙata, ko a ƙasa mai zafi, domin kusan kashi 88 cikin 100 na nonon ruwa ne. Ruwan da aka ɗura masa yana cika ɗan cikinsa ya rage tsotso, idan ya yi yawa yana iya tsinka gishirin jininsa har ya kai ga jijjiga, idan kuma ruwan leda ne da ya wuni a rana ko aka sanyaya da ƙanƙarar da ba a san asalinta ba, ga gudawa nan tafe. Gudawa a kan zafi kuwa ita ce hanya mafi sauri zuwa gadon asibiti. Abin yi shi ne a ƙara yawan shayarwa, uwa kuma ta sha ruwa sosai. To amma a nan sai wata tambaya ta taso: a ina za ta shayar? Mace mai kunya ba za ta zauna a tsakiyar maza ta ba da nono ba, sai ta yi ta jinkirtawa tana jijjiga yaro har a sami lungu. Wannan jinkirin, a ganina, yana cikin manyan haɗuran fitar. Wanda ya haura wata shida ana iya ba shi tafasasshen ruwan da ya huce kaɗan-kaɗan tare da nono, amma ban da zoɓo da lemon kwalba da askirim na talla.

Akwai kuma cututtukan da suke tafiya tare da wannan lokaci. Ƙyanda da sanƙarau sun fi yaɗuwa a rani da bazara a arewacin Nijeriya, kuma cunkoso ne abincinsu. A jadawalin rigakafi na ƙasa, allurar ƙyanda ta farko da ta sanƙarau sai yaro ya kai wata tara ake yi masa. Ke nan ɗan wata biyar da aka kutsa da shi cikin dubban mutane, kowa yana ɗauka yana sumbata yana cewa masha Allah, ba shi da wannan garkuwa tukuna.

Hujjar da na fi girmamawa ita ce ta uwa. Za ta ce, shekara guda ina gida, ranar sallah ma a ce in zauna saboda goyo, maigida ya kwashi sauran yara su tafi? Tana da gaskiya, kuma duk shawarar da ta ƙare a kan uwa ta haƙura kawai ba adalci ba ce. Amma mafita ba ita ce a jefa jariri a rana ba. Ana iya sauya lokaci: a bar gida bayan la'asar, a isa rana ta yi sanyi, a yi sa'a ɗaya ko biyu a dawo. Ana iya sauya rana, domin kwana na uku ko na huɗu bayan sallah cunkoso ya ragu. Ana iya sauya wuri, a zaɓi mai ciyawa da manyan itatuwa kusa da gida maimakon mai nisa da siminti. Idan kakar yaro ko gwaggonsa tana gida kuma fitar gajeriya ce, uwa tana iya tatsar nono ta bari a kofi mai tsabta. Uba kuma aikinsa bai ƙare a biyan kuɗin ƙofa ba. Shi ya kamata ya riƙe lema, ya nemo inuwa, ya bi manyan yara layin lilo, kuma ya zama mai cewa a tashi a tafi ko da tikitin bai ƙare ba. Ganin an kashe kuɗi shi yake sa iyali su daure su ƙara sa'a biyu a rana, kuma a cikin waɗannan sa'o'in ne yaro yake galabaita.

Duk wanda zai fita da jariri ya san alamomin da ba a jira da su. Idan famfas ya daɗe a bushe ko fitsari ya yi kaɗan ya yi duhu, baki ya bushe, yana kuka babu hawaye, ido ko maɗiga sun faɗa, jiki ya yi zafi rau, ya ƙi kama nono, ya yi laushi ko barci ya yi masa nauyin da ba a saba ba, to a kai shi inuwa nan take, a cire masa kaya, a shafe jikinsa da ruwa mai ɗan sanyi ba na ƙanƙara ba, a yi masa fifita, a ba shi nono idan zai karɓa, a nufi asibiti mafi kusa, ba sai an jira komawa Babban Asibitin Suleja ba idan ana cikin Abuja. Farasitamol ba ya maganin zafin da rana ta jawo. Kuma tun da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau suna iya farawa da irin waɗannan alamu, ma'aikacin lafiya ne zai bambance. Jariri ƙasa da wata uku da zafin jikinsa ya kai digiri 38, a kai shi asibiti ba tare da shawara da kowa ba.

Masu wuraren wasan su ma suna da nasu kason. Suna karɓar kuɗin iyalai, sun kuma san da yawa daga cikin matan da ke shigowa da goyo suke. Rumfa a kan layin tikiti, ɗaki mai fanka inda mace za ta shayar cikin sutura, ruwan sha mai tsabta, ma'aikacin lafiya ɗaya a ranakun biki, da rage ƙarar lasifika a ɓangaren ƙananan yara, duk ba su kai kuɗin lilo ɗaya na lantarki ba. A watannin Maris da Afrilu za su iya matsar da lokacin buɗewa zuwa yamma su ƙara shi zuwa bayan magariba, su kuma rage kuɗin shiga na yamma don jama'a su karkata can. Ƙaramar hukumar Suleja da hukumomin Abuja da ke ba irin waɗannan wurare izini suna iya sanya inuwa da ɗakin shayarwa cikin sharuɗɗan da za a cika kafin a sabunta izinin.