Hattara da Ƙusoshin Banza a Ƙugiyar Jan Tirela

Da zarar kaka ta kama, ƙananan tireloli sai su cika hanyoyinmu. Wannan ya jawo buhunan masara a bayan Hilux, wancan janareta ko injin ban ruwa, wani kuma tankin ruwa zai kai wurin gini. Sauƙi ne ya samu, domin an huta da hayar babbar mota. Sai dai akwai musibar da ta biyo wannan sauƙi, kuma kullum ƙara yaɗuwa take yi: ƙusoshin banza da ake ɗaure ƙugiyar ja da su a jikin mota. Tanki mai cin lita 1,000, ruwan cikinsa kaɗai tan ɗaya ne, ban da nauyin ita tirelar. Duk wannan nauyi, da fizgarsa in an tashi, da turinsa in an taka birki, yana rataye ne a kan ƙusoshi huɗu ko shida masu kaurin ɗan yatsa.

A duba yadda ake sayensu. Sau da yawa ƙugiyar daga jikin tsohuwar motar Turai aka kwanto ta, ƙusoshinta na asali sun ɓace tun a can. Maigidan gareji ya gwada ta a ƙarƙashin mota, ya ga ta zauna, sai ya kira yaronsa: "Kai, ruga ka sayo noti lamba 19 guda huɗu, har da washa." Yaro ya je, mai shago ya zura hannu cikin gwangwani ya ɗebo masa. Babu wanda ya kalli kan ƙusar. Alhali lamba 19 faɗin bakin sifana ne kawai, ba ta faɗi komai game da ƙarfin ƙarfen ba. Ƙusar da ake haɗa gadon ƙarfe ko ƙyauren gida da ita, ita ma sifana 19 ke kamawa. In mai mota ya nuna shakka, amsar ɗaya ce: "Ranka ya daɗe, ai haka muke ɗaurawa kullum."

Ƙusa ta ƙwarai tana ɗauke da shaidarta a ka: 4.6, ko 8.8, ko 10.9, tare da tambarin kamfanin da ya ƙera ta. Ɗauki mai kaurin milimita 12, wadda ake kira M12. In 4.6 ce, da ja ya kai kimanin tan 2 za ta fara miƙewa, miƙewar da ba ta komawa. In 8.8 ce, sai ya haura tan 5. In 10.9 ce, sai ya wuce tan 7. Girma ɗaya, kama ɗaya, amma ƙarfi ya ninka fiye da sau biyu. Ƙusoshin Amurka masu awon inci su da layuka ake gane su: layi uku a kai daidai yake da kusan 8.8, layi shida kusan 10.9. Wadda kanta ke fayau babu alama, a ɗauke ta mafi rauni. Masu ƙera ƙugiyoyin ja 8.8 ko 10.9 suke haɗowa da su, ba ƙasa da haka ba.

Wani zai ce, to ai kayana ba su kai tan 2 ba, kuma ƙusoshi huɗu ne. A nan ne mutane da dama ke ruɗuwa. Aikin ƙusa shi ne ta matse ƙarfen ƙugiya da shasin mota su zama abu ɗaya, ko gezau kada su yi. Wannan matsin kansa yana cinye mafi yawan ƙarfinta tun kafin a ɗora buhu ko ɗaya. Ƙusa mai laushi ba ta jure matsin da ake buƙata. Sai ta ɗan miƙe, ɗan rata ya samu, daga nan kowane rami da kowane tudun rage gudu sai ya sa ƙugiyar ta doke ta. Tsaga takan fara ne a gindin zare, inda ido ba ya kaiwa, ta yi ta cin ƙarfen a hankali, wata da watanni. Rannan sai ta ɓalle ba sallama. Nauyinta ya koma kan 'yan'uwanta waɗanda su ma sun gaji, su bi ta nan take. Tirelar da ta kuɓuce a guje ba ta da direba, yawancin ƙananan ma ba su da birki. Hannun masu tahowa take faɗawa, ko ta yi kan mai babur da iyalinsa, ko 'yan talla a bakin titi. Mai motar kan tsira, wanda bai ji ba bai gani ba shi ke kwana a asibiti ko a kabari. Wannan haƙƙi ne mai nauyi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jabu. Buga 8.8 a kan ƙusa ba wuya ba ne; abin da ke cin kuɗi shi ne ƙarfe mai kyau da gasa shi a wuta bisa ƙa'ida, kuma shi ne maha'inta ke tsallakewa. Ba mu kaɗai wannan ta taɓa ci ba. A shekarun 1980 an gano ƙusoshin jabu har a cikin kayan aikin sojan Amurka, abin da ya sa ƙasar ta kafa dokar ingancin ƙusoshi a 1990. In har sun kutsa can, ina ga kasuwar da ake sayar da su a buɗaɗɗen gwangwani, ba kwali ba takarda? A Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna akwai 'yan kasuwa masu amana da suka san kayansu, to su ya kamata a nema, a faɗa musu ƙarara cewa ƙugiyar ja za a ɗaure. Ƙusar da ke da lamba amma babu tambarin maƙera, ko wadda kanta ya fara murjewa a bakin sifana, ko zarenta ya kwanta tun ɗaurin farko, a mayar da ita. Araha ba ta ado. Kada kuma ƙyalli ya yaudari kowa: farar ƙusa mara tsatsa mai alamar A2-70 tana riga 8.8 miƙewa. Notin ma yana da nasa aji, mai lamba 8 na 8.8 ne, mai lamba 10 na 10.9.

Sai zancen zare. M12 na gama-gari tazarar zarenta milimita 1.75 ce, amma motocin Japan da yawa 1.25 suke amfani da ita. In aka cusa wannan a ramin waccan, zagaye biyu za ta yi ta cije. Mai gaggawa sai ya zura bututu a sifana ya murɗa da ƙarfin tsiya, ya kashe zaren notin da kamfani ya like a cikin shasi, ya tashi yana murna wai ta ɗauru tam. Ƙusar da ta dace da hannu take fara shiga. In ta ƙi, a wanke ramin, a fitar da tsatsa da ƙasa, a sake gwadawa. A duba shasin ma da kyau, domin motocin da suka fito daga ƙasashen ƙanƙara, inda ake zuba gishiri a titi, tsatsa kan cinye su ta ƙasa.

Walda kuwa, a kiyaye ta. Ɗiga wa kan ƙusa wuta don kada ta kwance yana kashe gashin da ya ba ta ƙarfi. Like ƙugiya a jikin bamba ganganci ne tsantsa. A ɗaure da sifana mai awon matsi gwargwadon abin da takardar maƙera ta ce, a sake duba matsin bayan tafiyar farko. Ƙwallon ja na Turai milimita 50 ne, na Amurka akwai mai ƙasa da haka da mai sama, don haka sai bakin tirela ya zama nasa. Sarƙa biyu kuma wajibi ne, a gitta su ƙarƙashin bakin tirela, ba igiya ba, ba waya ba.

Ina kira ga hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta sa ido kan ƙusoshin da ake shigowa da su, jami'an kiyaye haɗurra na FRSC su riƙa leƙa ƙugiya da sarƙa kamar yadda suke duba taya, shugabannin makanikai kuma su ja kunnen yaransu. Kai kuma ɗan'uwa mai mota, kafin ka sake jan kaya, ɗauki tocila ka durƙusa a bayan motarka ka karanta kan kowace ƙusa. In ba ka ga 8.8 ko 10.9 ba, kada tirelar nan ta hau kwalta sai an canza su.