Dragon Quest XI: Wasan Jafanawa Mai Auna Haƙurin Ɗan Wasa

Ranar Laraba 10 ga watan Fabrairu na shekarar 1988, tun kafin gari ya waye mutane suka yi dogayen layuka a ƙofar kantunan birnin Tokiyo da sauran biranen ƙasar Jafan. Abin da ya tara su kuwa shi ne wani ɗan kaset na wasan bidiyo mai suna Dragon Quest III. A wannan rana kaɗai an sayar da fiye da miliyan 1, kuma 'yan sanda suka tsare ɗaruruwan 'yan makaranta waɗanda suka tsere daga aji don su shiga layi. Tun daga nan kamfanin Enix, mai wasan, ya riƙa fitar da sababbin kashi a ranakun da babu makaranta. Har yanzu akwai masu cewa wai gwamnati ce ta kafa doka a kan haka, alhali kuwa kamfanin ne ya ga dacewar yin hakan da kansa.

To, wane irin wasa ne wannan da zai hana yaro zuwa makaranta, ya kuma tsai da magidanci a bakin kanti cikin sanyin hunturu? Don mu ba masu karatu amsa, mun ɗauki kashi na goma sha ɗaya na jerin, watau Dragon Quest XI, muka zauna da shi a gaban akwatin talbijin, muka auna shi ciki da waje.

Asalin jerin

Irin wannan wasa shi ne wanda ɗan wasa ke shiga rigar jarumin wani labari, ya riƙa tafiyar da shi gari-gari, yana magana da mutane, yana sayen makamai, yana yaƙi da dodanni, har labarin ya ƙare. Asalinsa daga Amurka ne, inda wasanni irin su Wizardry da Ultima suka yi tashe a kan kwamfuta a farkon shekarun 1980. Amma waɗannan suna da wuyar koyo ƙwarai, sai wanda ya ƙware ke jin daɗinsu. Wani marubuci Bajafane mai suna Yuji Horii ya ga cewa in aka sauƙaƙa dokokin, har yaro ƙarami zai iya. Ya haɗa kai da Akira Toriyama, mai zanen Dragon Ball, da Koichi Sugiyama, masanin kiɗa, da Koichi Nakamura, gwanin tsara aikin kwamfuta. Ranar 27 ga Mayu 1986 suka fitar da Dragon Quest na farko a kan na'urar Famicom ta kamfanin Nintendo.

A wancan kashi na farko kaset ɗin ba ya iya riƙe inda mutum ya tsaya. In za ka kashe na'ura sai a ba ka wasu haruffa 20 ka kwafa a takarda, in ka kuskure ɗaya, wahalar da ka sha ta bi ruwa. Duk da haka wasan ya karɓu, ya kuma buɗe hanya ga wasu, ciki har da Final Fantasy na kamfanin Square a 1987. A shekarar 2003 kamfanonin nan biyu suka haɗe suka zama Square Enix. Martabar jerin a Jafan ta kai har an kaɗa taken buɗe shi a bikin buɗe wasannin Olamfik na Tokiyo a watan Yuli 2021.

Kashi na goma sha ɗaya ya fito a Jafan ranar 29 ga Yuli 2017 a kan PlayStation 4 da Nintendo 3DS, aka sayar da fiye da miliyan 2 cikin kwana biyu. Fassarar Turanci ta biyo baya a watan Satumba 2018. A 2019 aka fitar da wanda aka yi wa gyara da ƙari, mai harafin S a ƙarshen sunansa, a kan Nintendo Switch, sa'an nan a watan Disamba 2020 ya iso PlayStation 4 da Xbox One da kwamfuta. Sugiyama ya rasu a 2021, Toriyama kuma a 2024, saboda haka wannan ne babban kashi na ƙarshe da ya fito su ukun nan suna raye.

Labarin da ke ciki

Jarumin labarin saurayi ne wanda ya tashi a wani ƙauye mai suna Cobblestone, da wata alama a bayan hannunsa na hagu. Da ya kai munzali sai aka shaida masa cewa shi ne magajin wani tsohon gwarzo wanda ya taɓa kuɓutar da duniya daga duhu. Ya kama hanya zuwa fadar Sarkin Heliodor da zaton za a karɓe shi hannu biyu-biyu. Maimakon haka sarki ya ce ai shi ne ɗan duhu mai jawo masifa, ya sa aka jefa shi kurkuku. A can ya haɗu da wani ɓarawo mai suna Erik, suka tsere tare, daga nan tafiya ta miƙe.

A hanya yana samun abokan tafiya ɗaya bayan ɗaya: Veronica, matsafiya mai kaifin baki wadda wani sihiri ya mai da ita yarinya ƙarama, 'yar'uwarta Serena mai warkar da raunuka, Sylvando ɗan wasan nishaɗi, Jade gwanar dambe, da dattijo Rab. Kowane gari da suka sauka yana da nasa ƙaramin labari da tasa matsala. Gallopolis gari ne na hamada da sukuwar dawaki, inda ɗan sarki matsoraci ke neman wanda zai rufa masa asiri. Gondolia an kwaikwayi birnin Banis na Italiya ne, da magudanan ruwa da kwale-kwale. Mutanen Hotto kuwa duk maganarsu cikin gajerun baitoci irin na Jafanawa suke yin ta. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam zai gane wannan tsari nan da nan, watau babban buri guda a gaba, da ƙananan labarai a kowane zango.

A nan ne ƙarfin wasan yake. Labarin yana farawa kamar tatsuniyar yara, da raha da launuka masu haske, har dodannin ma murmushi suke yi. Amma da tafiya ta yi nisa sai al'amura su juye, garuruwan da ka sani su shiga wani hali, mutanen da ka saba da su su yi rashi. Ba za mu tona abin da ya faru ba don kada mu ɓata wa mai niyyar bugawa. Abin da za mu ce shi ne, baƙin cikin yana kama zuciya ne domin an ba ka lokaci mai tsawo ka zauna da mutanen tun suna cikin walwala.

Yadda ake faɗa

Samarinmu da suka saba da wasan ƙwallon ƙafa a gidajen gem sun san cewa a can saurin yatsa ne ke ba da nasara. A nan kuwa faɗan bi da bi ake yi, kamar dara. Mutum huɗu ke tsayawa a fagen fama. In layi ya zo kan ɗayansu sai wasa ya tsaya cik, ya jira ka zaɓa: ko ya kai sara, ko ya yi sihiri, ko ya kare kansa, ko ya ba ɗan'uwansa magani. Kana iya ajiye abin sarrafa na'urar ka je ka sha ruwa ka dawo, dodo na nan yana jiranka.

Dabarar tana cikin lissafi. Kowane mutum yana da adadin lafiya da adadin ƙarfin sihiri, kuma duka biyun ƙarewa suke yi. In Serena ta ƙarar da nata wajen ƙananan dodanni a bakin kogo, da me za ta warkar da jama'a in an iso wurin babban dodon da ke can ciki? Shin a kashe wannan zagaye wajen rage wa abokin gaba ƙarfi, ko a far masa kafin ya kira 'yan'uwansa? Wani lokaci kuma mutanenka sukan shiga wani hali na zafin nama, jikinsu ya yi haske shuɗi, in biyu ko uku suka dace a haka sai su haɗa ƙarfi su kai hari guda mai tsanani. Sanin lokacin da za a yi amfani da wannan, da lokacin da za a adana shi, shi ne rabin gwaninta.

Duk faɗan da aka ci yana ƙara wa mutanenka daraja da kuɗi. In daraja ta hau sai a ba ka maki waɗanda za ka saya musu sababbin dabaru da su, ka ga dama ka mai da Erik gwanin wuƙa, ka ga dama gwanin takobi. Akwai kuma 'yar maƙera ta tafi-da-gidanka wadda ake ƙera makamai da sulke da ita a zango. Ma'anar wannan tsari ita ce, babu wanda ƙofa ke rufe masa har abada. Wanda dodo ya kayar sai ya koma daji ya ƙara daraja, ya gyara makamai, ya dawo. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, kuma a kan wannan aka gina jerin tun 1986.

Inda ya gaza

Na farko, somin wasan yana da nawa. Mutum zai yi sa'o'i da dama kafin abokan tafiya su taru faɗa ya fara daɗi. Na biyu, ga wanda ya saba da irin waɗannan wasanni, yawancin dodannin hanya ba su da wata barazana. Masu wasan sun san haka, shi ya sa suka tanadi wasu sharuɗɗa masu ƙara wuya, amma tun a farko ake zaɓensu, in aka wuce ba a iya kunna su a tsakiyar tafiya. Na uku, jarumin kansa ba ya magana, bisa al'adar jerin. Wannan ya dace da zamanin ƙananan hotuna, amma yanzu da ake nuna fuskoki sarai, abin yakan zama bambaraƙwai a ga ana kuka kewaye da shi, shi kuwa ya yi shiru.

Kiɗan ma ya sha suka a fitowar farko, domin na'ura ce ta kaɗa shi, kuma 'yan waƙoƙi kaɗan ne ke ta maimaituwa. A gyararren kashi mai harafin S an sa wanda ƙungiyar makaɗa ta Tokiyo ta kaɗa da kayan kiɗa na gaske, an kuma ƙara hanyar hanzarta faɗa. Wanda zai saya, wannan ya kamata ya nema.

Abin da iyaye za su lura da shi

Hukumar da ke rarraba wasanni a Amurka ta sa shi a ajin 'yan shekara 13 zuwa sama. A cikinsa akwai gidajen caca, ko da yake da kuɗin cikin wasa ake yi, ba a taɓa aljihun kowa. Akwai mashaya, da sihiri, da wasu 'yan barkwanci da tufafin mata waɗanda ba kowane gida zai yarda da su ba. Wurin ajiye inda aka tsaya kuwa galibi majami'u ne da mutum-mutumi na wani addinin ƙage na cikin labarin. Ya kamata uba ya san da waɗannan kafin ya miƙa wa ɗansa.

Sai kuma batun harshe. Babu fassarar Hausa, kuma rubutun da za a karanta yana da yawan gaske. Turancin ma cike yake da wasa da kalmomi da karin harshen Ingila da na Italiya da sauransu. Ɗalibin da ya yi nisa a sakandare zai ƙaru da shi, amma wanda Turancinsa bai nuna ba zai rasa fiye da rabin daɗin.

Babban farashinsa

Kuɗin faifai ƙaramin abu ne in aka gwada da lokacin da wasan ke ci. Kafin a ga ƙarshen labari na farko ana bukatar wajen sa'a 50 zuwa 60, bayansa kuma akwai wani babban ɓangare wanda ke iya kai jimlar kusa da sa'a 100. Wanda ke buga sa'a ɗaya kowace rana zai yi fiye da wata uku. Don haka bai dace da gidan gem ba, inda ake biya a buga a tashi a ba wani. Wasa ne na mai na'urar kansa. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas kuwa, Nintendo Switch ta fi dacewa, da yake tana da batir, ɗaukewar wuta ba za ta cinye maka aikin sa'a guda ba.

Hukuncinmu shi ne, Dragon Quest XI wasa ne mai kyau ƙwarai a irin nasa, kuma ƙofa ce mai sauƙi ga wanda bai taɓa gwada wasannin labari na Jafanawa ba. Ba ya matsa wa ɗan wasa da sayen ƙarin kaya, ba ya bukatar intanet wajen bugawa, kuma yana da ƙarshe, in an kai an gama. Mai neman abin da zai motsa jini cikin minti goma ya nemi wani. Ɗalibin da jarrabawa ke gabansa ya dakata sai hutu, kada ya bi sahun yaran Tokiyo na 1988. Wanda ke shakka kuwa, kamfanin ya fitar da ɗanɗano na kyauta mai tsawon wajen sa'a 10, kuma in mutum ya sayi cikakken wasan zai ci gaba daga inda ya tsaya. Gani ya kori ji: sa'o'in nan goma sun isa kowa ya san ko yana da haƙurin sauran casa'in.