Tsakanin Aboki Da Ɗan Amshin Shata: Darasi Daga Wasannin Kwamfuta

A hutun Babbar Sallar da ta wuce na je gida Kaikai, a Ƙaramar Hukumar Kusada, na tarar da ɗan ƙanwata, ɗalibin jami'a, zaune a zaure ya duƙufa a kan kwamfutarsa. Kusan awa guda bai ɗago kai ba. Da na leƙa, sai na ga hoton wani mutum yake sarrafawa: ya ƙara masa tsawo, ya rage masa gemu, ya sauya masa murya. Na tambaye shi ko wane ne wannan. Ya ce, "Kawu, abokin tafiyata nake haɗawa." Na ce shin idan ka gama haɗa shi, zai iya yi maka gardama? Ya yi dariya, ya ce ai ba don haka ake yin sa ba. Wannan amsa ita ce sanadin wannan rubutu.

Ga wanda bai saba ba, akwai rukunin wasannin bidiyo da mai wasa ke shiga rigar jarumin labari, ya yi tafiya, ya yi yaƙi, ya yanke shawara. Galibi ana haɗa shi da abokan tafiya waɗanda kwamfuta ke motsawa. Tambayar da masu ƙera wasannin suka daɗe suna fama da ita ita ce: wane irin iko ya kamata a bai wa mai wasa a kan waɗannan abokai?

Amsoshinsu sun bambanta. A wasan Dragon's Dogma, wanda kamfanin Capcom na Japan ya fitar a 2012, kuma shi ne na tarar a gaban yaron, mai wasa ne ke tsara babban abokinsa tun daga fuska har zuwa ɗabi'a, labarin ma ya nuna cewa irin waɗannan halittu ba su da ra'ayin kansu. A Skyrim na kamfanin Bethesda, wanda ya fito a 2011, ana ba jarumi wata baraden mai suna Lydia, wadda da yawa suka mayar 'yar dako, suna jibga mata kaya. Shi kuwa Baldur's Gate 3, wanda kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam ya fitar a watan Agustan 2023, ya bi tsaka-tsaki. Kana iya sauya wa abokinka sutura da makami, har ma da fannin da ya ƙware a kai, amma tarihinsa da halinsa nasa ne. Yana yaba aikinka ko ya kushe shi, kuma idan ka dinga saɓa wa abin da ya yi imani da shi, yana iya tattara nasa ya nasa ya bar ka. Wannan wasa shi ya lashe kambun gwarzon shekarar 2023.

Sha'awar tsara abokin wasa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mu da muka tashi a ƙauye mun ga yadda 'yan mata ke yin 'yar tsana da kara, su yi mata kitso, su ɗaura mata ƙyalle, su raɗa mata suna, har su yi mata aure. Wasa ne mai koyar da reno da dabara, kuma ban ga laifin yaro ya gwada irin wannan basira a kan allo ba. Sai dai yarinyar ta san 'yar tsana 'yar tsana ce. Da ta ajiye ta, dandali za ta fita, inda ƙawaye ke musanta ta, su yi faɗa, su shirya. Abin da ke damuna shi ne matashin da ya fi daɗewa da abokin da ya tsara da hannunsa fiye da abokan da Allah Ya haɗa shi da su. Wanda ya saba da ɗan amshin Shata, gyara kayanka ma sauke mu raba yake jin sa. Ina ganin alamun haka a aji, idan aka haɗa ɗalibai aikin rukuni: saɓani kaɗan, sai wani ya zo ofis yana neman a sauya masa abokan aiki.

Adabinmu ya riga ya tanadi amsa. Alhaji Abubakar Imam, wanda ya yi karatu kuma ya koyar a Katsina, ya ba mu abokin tafiya na gaske a cikin Magana Jari Ce. Musa ɗan sarki yana son bin sawun yaƙi, aku kuwa ya tsare shi da labarai dare bayan dare, har hatsarin ya wuce. Da Musa ne ya tsara akun nan yadda ransa ke so, da ya buɗe masa ƙofa tun daren farko, da kuma labarin ya ƙare da makoki. Darajar akun tana cikin ƙin bin son zuciyar ubangidansa.

Wannan darasi ya shafi matasanmu masu koyon ilimin kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Ƙera irin waɗannan wasanni bai gagari Afirka ba, domin kamfanin Kiro'o Games na Kamaru ya fitar da Aurion a 2016, inda sarauniya Erine ke rakiyar mijinta Enzo a fafutukar ƙwato sarautarsu. Ranar da namu za su ƙera nasu, su bar mai wasa ya zaɓa wa abokinsa babbar riga ko kaftani, takobi ko kwari da baka. Amma su bar wa abokin bakinsa. Su zauna da 'yan sashen Hausa, domin rubuta hali ya fi zana fuska wuya.

Iyaye kuma, hana wasa kacokan ba zai yi aiki ba. Zama kusa da yaro a tambaye shi abin da yake yi ya fi ƙwace na'ura amfani. Ni dai kafin in kama hanyar Kankiya, na roƙi ɗan ƙanwata ya rufe kwamfutar ya raka ni gaishe da wani abokina na ƙuruciya. Muna shiga, kafin a shimfiɗa tabarma, mutumin ya fara yi mini faɗa a kan daɗewar da na yi ban zo gida ba. Yaron ya dube ni, ni kuwa na sunkuyar da kai, domin gaskiya ya faɗa.