Dodon da Kawu Ya Gani a Jos

A gidanmu na Azare akwai labarin da duk wanda ya tashi a gidan ya haddace, muna kiransa labarin dodon Kawu. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, haifaffen tsohon garin Katagum, tela da ya tsufa a kan keke a Bakin Kasuwa, kuma ba a san shi da shaci-faɗi ba. Amma duk ranar da ya tarar da yara sun haɗa kai a kan waya suna kallon Merlin ko macijiyar nan ta Indiya, Naagin, sai ya ɗan leƙa, ya girgiza kai, ya ce, "Ku ai ba ku ga dodo ba."

Nasa dodon ga yadda yake. Wani dogon rami ne a ƙarƙashin ƙasa, an shimfiɗa layin dogo a cikinsa, ko'ina duhu. Dodannin ba ɗaya ba ne, gashi buzu-buzu, idanu suna haske, suna riƙe da wata bindiga da ba harsashi take fitarwa ba, saƙar gizo-gizo take fesawa, wanda duk ta lulluɓe ya tafi ke nan. Sojoji suna ta ruwan wuta a banza. Jarumin labarin wani saurayi ne ɗaure da zane iya gwiwa. Akwai wata ƙwallon ƙarfe mai ƙara da ke gangarawa ita kaɗai ba wanda ya tura ta. A ƙarshe kuma sai aka gano ashe wanda yake sarrafa dodannin yana cikin jikin wani saje da ake ci ake sha tare da shi.

Kakarmu, Allah ya jiƙanta, ta yanke hukunci tun farko cewa gamo ya yi a baƙon gari, har ta sa aka yi masa rubutu. Yayyena suka ce mafarki ne na zazzaɓi. Ni abin da ya hana ni yarda shi ne labarin ba ya canzawa. Mafarki yakan zube, yau a ƙara gobe a rage, amma wannan yadda na ji shi ina yaro haka 'ya'yana suka ji shi, ko ƙwallon ba ta taɓa zama wani abu ba. Abin da mutum ya gani da idonsa ne kawai yake zama daram haka.

Na fara da masu tura fim a waya, don a yau su ne ma'ajiyar finafinan garin nan. Wani matashi da ya san fassarar Indiya-Hausa ciki da bai ya saurare ni, bai ko bari na kai aya ba ya ce Jaani Dushman ne, na 1979, wanda dodo mai gashi yake sace amare. Na kai wa Kawu. Bai kai minti biyar yana kallo ba ya miƙo mini wayar.

"Ɗana, nawa babu waƙa, babu rawa, babu kala. Baƙi da fari ne, kuma Turanci ake yi."

Baƙi da fari, dodo, jirgin ƙasa: sai King Kong na 1933 ya faɗo mini, tun da a ciki goggon birin ya kakkarya jirgin ƙasa a birnin New York. Shi ma bai ci ba. Jirgin King Kong a kan gada yake tafiya, birin kuma ɗaya ne tak, ya fi gida tsawo. Dodannin Kawu da kaɗan suka ɗara mutum. Wani tsohon malamin makaranta, abokin hirarsa, ya kawo tasa shawarar cewa wataƙila daga littafi ya samo, ya ambaci Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo da ya fito a 1969. Amma wancan labarin yaro ne da tafiya sararin samaniya, Kawu kuwa ƙarƙashin ƙasa yake magana.

Sai na bar tambayar me ya gani, na koma ina ya gani da yaushe.

"Kawu, a silima kuka kalla?"

"Wace silima? A talabijin ne, gidan maigidan da na koyi ɗinki a wurinsa a Jos, wajen Titin Bauchi. Mako-mako ake sa shi, ba ya wuce rabin awa. Mu yaran shago ta taga muke leƙe."

"Wace shekara ke nan, Allah ya ƙara muku lafiya?"

Shekara kam bai riƙe ba, amma ya riƙe abin da ya fi ta. Ya ce yana Jos aka hamɓarar da Gowon, kuma bai daɗe da dawowa gida ba aka ce mun bar Jihar Arewa maso Gabas mun zama 'yan Jihar Bauchi. Juyin mulkin da ya kawo Murtala ranar 29 ga Yuli 1975 aka yi shi, Jihar Bauchi kuma ranar 3 ga Fabrairu 1976 aka ƙirƙire ta. Gidan talabijin na Jos kuwa, na Jihar Binuwai-Filato, wanda gwamnatin Joseph Gomwalk ta kafa, a 1974 ya fara aiki. Ke nan abin da ake nema shiri ne da aka nuna a Jos tsakanin 1974 da farkon 1976. Faɗin duniya ya tsuke ya koma tasha ɗaya da shekara biyu.

Saura alamomin cikin labarin. Jirgin ƙasa a rami babu shi a Najeriya. Mafi tsufa a duniya shi ne na Landan, wanda aka buɗe a 1863. Namiji da zane iya gwiwa a fim ɗin Turawa kuwa, wanda ba kuma wasan barkwanci ake yi ba, tufafin gargajiya ne na mutanen Sikotilan. Na nuna wa Kawu hoton masu busa na can, ya buga cinya ya ce wallahi irinsa ne, har da 'yar jakar da ke rataye a gaba. Shirin Birtaniya ne ke nan, kuma a wancan zamani mafi yawan irinsa BBC ce take sayar wa ƙasashen da Ingila ta raina.

Da na haɗa BBC da Jos na bincika a intanet, sai ga wani labari da ya karaɗe jaridun Ingila a watan Oktoba 2013, mu nan kusa da wurin bai ko dame mu ba. Wani Bature mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya shiga ɗakin ajiya na tashar talabijin a Jos ya tarar da gwangwanayen fim a kan kanta, an manna musu takarda da sunan Doctor Who. Wannan shiri an fara shi ne ranar 23 ga Nuwamba 1963, labarin wani baƙo daga wata duniya da ake kira Dakta, mai yawo tsakanin zamani da zamani. A cikin gwangwanayen akwai kashi tara da ita kanta BBC ba ta da su: biyar daga labarin The Enemy of the World, huɗu daga The Web of Fear. Na biyun nan, wanda aka nuna a Ingila daga 3 ga Fabrairu zuwa 9 ga Maris 1968, labarin dodannin Yeti ne da suka mamaye ramukan jirgin ƙasa na Landan da saƙar gizo-gizo.

Zuciyata ta ba ni an zo wurin, amma abu biyu suka tsaya mini a rai. Duk wanda ya san Doctor Who da abu biyu ya san shi: Daktan kansa, da ɗan akwatin nan mai kama da ɗakin mai gadi, wanda cikinsa ya fi wajensa girma, da shi yake tafiye-tafiyensa. Kawu bai taɓa ambaton akwati ba. Kuma a wurinsa mai zane ne jarumi, alhali mai zanen, Jamie, yaron Dakta ne kawai. Ta yaya mutumin da ya riƙe ƙarar ƙwallo shekara arba'in zai manta da mai gayya mai aiki?

Na koma na tambaye shi ko daga farko ya fara kallo. Ya ce a'a, makon farko an aike shi kai ɗinki, sai da ya ji yara suna ta zancen dodo sannan ya nemi wuri a taga mako na biye. A nan ƙullin ya kwance. A wannan labari akwatin a kashi na farko yake taka rawarsa, daga nan sai a bar shi a tashar da ya sauka a shiga rami da ƙafa. Kashi na biyu kuma, wanda Kawu ya fara da shi, Daktan ba ya ciki in ban da ɗan maimaicin farko, domin Patrick Troughton da ke fitowa a matsayinsa ya tafi hutu a makon da aka ɗauka. Wanda ya shigo a wannan mako, ba ya jin Turanci sosai, wa zai gani yana shiga duhu ba tsoro? Mai zane. Da Daktan ya dawo a kashi na uku, ɗan gajeren mutum da wando mai gida-gida da kwat ta yi masa yawa, sai Kawu ya ɗauke shi wani malamin da aka ɗauko ya taimaka.

Ranar da na kunna masa, bayan la'asar ne a zaure. Bai ce komai ba sai da ƙwallon ta fara ƙara, sai ya ce, "Ita ce." Da Saje Arnold ya bayyana, tun labarin bai je ko'ina ba, ya nuna shi da yatsa ya ce, "Ka sa ido a kan wannan." Haka kuwa aka yi a kashi na shida.

Abin da ya fi burge ni shi ne fahimtar da ya yi wa shirin tun kallon farko, ta taga, ba mai fassara. Ya ce tun a lokacin ya gane dodannin ba aljanu ba ne, inji ne aka lulluɓe da gashi, tun da sai ƙwallon ta shiga ƙirjinsu suke motsi, in an cire ta su sandare. Aljanin, in ji shi, shi ne wanda ba a gani, mai magana ta bakin mutane, wanda ya shiga gawar saje yana yawo da ita. Wannan kuwa shi ne ainihin ginin labarin: marubutansa, Mervyn Haisman da Henry Lincoln, sun haɗa mutum-mutumin ƙarfe da wani hankali marar jiki mai neman wanda zai hau. Masu sharhi sukan ware shirin kimiyya gefe, shirin abubuwan ɓoye gefe. Yaron tela daga Katagum, wanda ya tashi yana jin labarin mutanen ɓoye a bakin kogi, ya raba su a cikin fim guda ba tare da kowa ya koya masa ba. Shi ya sa ba na yarda da masu cewa Bahaushe ba ya gane fim ɗin kimiyya, sai na soyayya da na sihiri. Wanda ya san bambancin tsafi da dabara, ya san aikin boka daban na maƙeri daban, ya riga ya zo da rabin abin da ake buƙata.

Yadda fim ɗin ya ɓace a Landan ya tsira a Jos shi ma abin a sani ne. A shekarun 1960 da 1970 kaset ɗin bidiyo yana da tsada, don haka BBC takan goge shirin da aka riga aka nuna ta ɗauki sabo a kai. Kafin gogewa takan kwafe shi a fim mai faɗin milimita 16 don sayarwa ƙasashen waje, kuma don rage kashe kuɗi kwafi ɗaya ne yake zagayawa, wannan tasha ta gama ta aika wa waccan. Tashar ƙarshe ita ce za ta mayar ko ta lalata. Su ma kwafin da ke hannun BBC an yi ta ƙona su har zuwa 1978, lokacin da aka farga aka daina. Na Jos ba a mayar ba, ba a lalata ba, suka yi zamansu a kan kanta kusan shekara arba'in, a garin da zafinsa bai kai namu na Azare ba. Kafin a gano su kashi 106 na shirin ne suka ɓata. Gano su ya rage adadin zuwa 97 a lokacin.

Ni dai abin ya sa ni tunanin namu. Turawa sun taso tun daga Ingila suna bin ɗakunan ajiya saboda shirin yaransu na 1968. Mu kuma Samanja na Usman Baba Pategi, da Karambana na Kasimu Yero, da wasannin da ƙananan tashoshinmu suka ɗauka a garuruwa irin Bauchi, wa yake bin sawun kaset ɗinsu na asali? Waɗanda suka san inda aka ajiye su tsufa suke yi.

Kashi na uku na The Web of Fear, wanda a cikinsa Kanar Lethbridge-Stewart ya fara bayyana kafin ya zama ɗaya daga cikin fitattun mutanen shirin, ba ya cikin waɗanda suka isa Landan. Philip Morris ya bayyana daga baya cewa ya gan shi tare da sauran a Jos, amma kafin a kwaso kayan ya yi ɓatan dabo. Abin da ya rage shi ne sautinsa, wanda masu kallo a Ingila suka naɗa a rakoda tun 1968, da hotuna marasa motsi. A 2021 aka yi masa zane mai motsi don cike gurbin. Duk wanda iyayensa suka yi aikin talabijin a Jos, Kaduna ko Bauchi, kuma akwai tsofaffin gwangwanayen fim ko kaset a ɗakin shirgin gidansu, don Allah kada ya sayar wa 'yan gwangwan kafin ya karanta abin da aka rubuta a jikinsu.