Kat-kat ta hannu a Sabon Gida: kuɗin saye ba shi ne ƙarshen lissafi ba

A Sabon Gida da ke gundumar Madawa, da wuya lokacin sallah ko na cire albasa ya wuce ba a ga wata babbar mota mai lambar Yamai ko ta Abijan ta shigo gari cike da kaya ba. Galibi 'yan ci-rani ne ke aiko da kuɗin, burinsu gida ya samu motar da za ta kai tsoho asibitin Galmi cikin dare, ta ɗauki amarya, ta kuma kwaso buhuna daga fadamar Tarka.

Dalilin son kat-kat a fili yake. Da zarar ka sauka daga kwaltar da ta haɗa Ƙonni da Maraɗi ka nufi ƙauyukan Buza ko Keita, sai duwatsu, rairayi da koramu. Da damina ƙaramar mota ba ta da ta cewa. Shi ya sa ake rububin Toyota, musamman Prado da 4Runner, don bakanike na kusa ya san su, kayan gyaransu kuma ana samu a Ƙonni ko a tsallaka Illela.

Sai dai hanyar da motocin ke biyowa ta sauya. A da tashar ruwan Kwatano ce ƙofarsu, su ratsa Malanville su shigo Gaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe wannan iyaka, kuma ko da CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ba ta buɗe gadar ba. Kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso da rakiyar sojoji. Tsawon hanya da jira duk a kan mai saye suke ƙarewa, kafin a zo maganar duwan, asirans da binyet.

Mai ne babban tarkon. Ƙauyukan bakin iyaka sun daɗe suna shan fetur mai arha na kwalba daga Najeriya, har Shugaba Tinubu ya cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023. A Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta sauko da litar fetur daga sefa 540 zuwa 499, amma a Maris na 2025 an ga dogayen layuka a gidajen mai, don matatar SORAZ ta Damagaram ba ta iya ƙosar da buƙata. Mu ƙaddara motarka na shan lita 14 a kilomita 100. Daga Madawa zuwa Yamai, kusan kilomita 500, lita 70 ke nan, wajen jika 35 zuwa kaɗai. Wanda ya aiko da motar daga waje sau da yawa bai sa wannan a lissafi ba, kuma ƙanin da aka danƙa wa makulli ba shi da albashi.

Sannan lodi. Prado motar mutane ce, ba a-kori-kura ba. Mutum bakwai da buhun albasa biyar sun wuce ƙarfinta, kuma ƙafafu, birki da tayoyi ne ke fara biya. Wanda dakon albasa ne gabansa, Hilux mai buɗaɗɗen baya ta fi masa.

Kafin a biya, a duba ƙarƙashin motar ko tsatsa ta ci ta, domin waɗanda suka fito daga Kanada da arewacin Amurka sun sha gishirin da ake watsa wa hanya lokacin ƙanƙara. A gwada lambar shasi da ta takardun duwan. Ta wajen Bangi kuma, inda 'yan bindiga ke tsallakowa daga jihar Sakkwato, babbar mota mai ƙyalli tana jan ido, shi ya sa direbobi ke ƙoƙarin isa gida kafin magariba.