Galahanga ba targaɗe ba ce

A ƙasar Dogarawa, cikin gundumar Malbaza, lokacin cirar albasa shi ne lokacin da kuɗi ke shiga hannun manomi, kuma a nan ne a ke fiddo matsalolin gida da aka jingine tun damina. Daga cikinsu akwai ta yaron da ya kai shekara uku ko huɗu bai buɗe baki ba. Ana kiran sunansa ba ya waiwayowa, ba ya kallon idon uwarsa, ba ya shiga cikin tsaransa, sai dai ya koma gefe yana jujjuya marfin kwano tun hantsi har azahar. Wasu su ce iskoki ne, wasu su ce ɗan ruwa ne. In lokotoro ya bincika, sau da yawa abin da ya ke samu shi ne otizim, watau galahanga.

A ƴan shekarun nan wata magana ta ƙaru. Duk mai wayar zamani a Ƙonni ko Illela yana iya ganin hotunan da ke yawo a intanet, inda wani mai farar riga ke kwantar da yaro bisa tebur, ya danna masa baya, ya murɗa masa wuya har a ji ƙas, sa'an nan a ce yaron ya samu sauƙi. Sunan wannan sana'a kiropraktik. Uban da ya sayar da albasarsa, ya ke tunanin ɗaukar ɗansa zuwa wani babban birni domin a yi masa haka, ya kamata ya san asalin abin kafin ya kwance lalitarsa.

Wani mutum ne mai suna Daniel David Palmer ya ƙirƙiro ta a garin Davenport, ƙasar Amurka, cikin shekarar 1895. Shi ba lokotoro ba ne. Ya ce ya danna bayan wani mai sharar gidan da ya ke aiki, wanda ya daɗe ba ya ji sosai, sai kunnensa ya buɗe. Daga nan ya yanke cewa kashi 95 cikin ɗari na cututtuka daga gocewar ƙashin baya su ke fitowa. Abin lura kuwa, jijiyar ji ba ta bi ta gadon baya ko kaɗan, daga kunne ta ke shiga ƙwaƙwalwa, a cikin ƙoƙon kai.

Gaskiya ne, wasu manya masu ciwon baya su kan ɗan ji sauƙi bayan irin wannan danna, kamar yadda a ke ji bayan tausa ko motsa jiki. Amma ko maɗorin ƙauye, wanda ya gaji ɗori kaka da kakanni, ya san iyakarsa: karaya da targaɗe da gocewa su ne nasa, ba ya cewa zai kwance harshen yaro da karan ɗori.

Galahanga ba a ƙashi ta ke ba. Lokotoro Leo Kanner ne ya bayyana ta a 1943, bayan ya lura da yara 11 a birnin Baltimore. Ta samo asali daga yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun yaro yana ciki, kuma gado na da babban rabo. Binciken da aka yi kan tagwaye a Ingila a 1977 ya fara nuna haka, wani kuma da aka buga a 2019, kan yara kimanin miliyan 2 na ƙasashe 5, ya ƙiyasta rabon gado wajen kashi 80 cikin ɗari. Sabo da haka ba laifin uwa ba ne, ba kuma allurar rigakafi ce ke kawo ta ba. An fi samunta ga maza.

To, ina hujjar masu murɗa? Galibin takardunsu labarin yaro ɗaya ne ko biyu, wanda mai sana'ar da kansa ya rubuta, ba tare da an gwama da yaran da ba a taɓa ba. Yaro kuwa girma ya ke yi. Wanda bai yi magana bana ba yana iya furta kalma baɗi, ko an danna shi ko ba a danna ba. Haɗarin kuma sananne ne, domin wuyan ƙaramin yaro bai yi ƙwari ba. A 2007 masu bincike na ƙasar Kanada sun tattara rahotannin yaran da suka cutu bayan murɗa, har da zubar jini cikin kai da shanyewar ƙafafu, da kuma waɗanda aka makara gano ainihin ciwonsu. Faransa, a dokarta ta 2011, ta hana murɗa kai ko baya ga jaririn da bai cika wata 6 ba sai da takardar lokotoro. A Ostareliya hukumar masu sana'ar ita da kanta ta dakatar da yi wa yara ƴan ƙasa da shekara 2 a 2019, ta sake tsayar da hanin a 2024.

Babu wani magani da ke tsige galahanga, amma akwai abin yi, kuma yana kusa. Da fari a kai yaro gidan likita a duba kunnensa, domin a ƙasar da sanƙarau ke ratsawa da rani, yara da dama da a ke zaton galahanga ce kurumta ce kawai. A duba kuma ko yana farfaɗiya, wadda ke yawan tafiya tare da galahanga, ita kuwa tana da magani. Asibitin Galmi, da aka buɗe tun 1950 a bakin hanyar Ƙonni zuwa Madawa, da na Birnin Ƙonni, su ne mafi kusa, daga nan a ke turawa Tawa ko Yamai in da bukata.

Sauran aikin na gida ne, kuma shi ya fi tsawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara horon iyaye a kan haka: a zauna daidai fuskar yaro, a shiga wasan da ya ke so, a faɗi kalma ɗaya a jira, a koya masa ya nuna randa in yana jin ƙishirwa, a tsayar masa da lokacin ci da na kwana. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci yana da abin taimako a hannu: ya samu littafi ya riƙa rubuta wa uwar ranar da yaro ya amsa kira, da abin da ke tada masa hankali, da kalmar da ya furta, domin su ne tambayoyin da ma'aikacin lafiya zai fara yi.