Motar Tsere ta Kwaikwayo: Riba da Hasara

Birnin Guangzhou na kudancin ƙasar Sin, wanda Turawa ke kira Kanton, ya shahara wajen cinikin kayan mota, kuma fatakenmu na Afirka ta Yamma sun san kasuwanninsa sarai. Cikin hajar da akan samu a can har da gangar jiki ta roba mai ƙarfi, wadda akan ɗora wa mota gama-gari don ta yi kama da motar tsere.

Haɗa mota a gida ba sabon abu ba ne. Tun 1957 kamfanin Lotus na Ingila ya fara sayar da motarsa Seven gunduwa-gunduwa, mai saye ya harhaɗa da kansa.

Babban amfanin kwaikwayo shi ne araha. A 2018 an yi gwanjon Ferrari 250 GTO ta ainihi a kan dala miliyan 48 da ɗoriya. Ta kwaikwayo kuwa, ma'aikaci na iya mallakarta, kowane makaniki kuma na iya gyara injinta.

Amma fa kama da wane ba wane ba ne. Inji da birki na tsohuwar motar ne, sabon jikin kuma galibi ba a jarraba ƙarfinsa a karo ba. Sa'an nan ga doka. Dokar hanya ta Sin, wadda ta fara aiki a 2004, ta haramta harhaɗa mota, ko sauya ƙirarta ba da izini ba. Harhaɗaɗɗiyar da aka kama a titi ƙwace ta ake yi a ragargaza.

Saboda haka, jama'a, kafin a biya kuɗi a Guangzhou, a fara tuntuɓar ofishin lasin da kamfanin inshora na gida.